Miyar kori ta kayan lambu marar yaji: yaya ake yinta ta yi daɗi?

Maman Ilham (Fadaman Mada): Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Taimako nake nema a kan miyar kori irin ta zallan kayan lambu, wadda ba ta da zafi. Inna, mahaifiyar maigidana, ta zo daga Azare za ta kwana biyu a wurinmu, kuma likita ya ce ta ɗan yi nesa da attarugu saboda cikinta. Ga yara ƙanana, autar ba ta cika shekara uku ba, da ta ji zafi a baki sai ta ture kwanon. Shi kuwa Abban Ilham in bai ji yaji ba, a wurinsa bai ci abinci ba. Kullum tukunya biyu nake ɗorawa, gas kuma kun san yadda yake yanzu. Na taɓa cin wata a gidan biki, ruwan ɗorawa shar da ita, da dankali da karas a ciki, ba zafi ko kaɗan amma ga ƙamshi. Don Allah wadda ta iya ta koya mini tun daga farko.

Ummu Sudais (Tumfure, Gombe): Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Anti Rabi ce gwanar wannan, bari ta leƙo.

Anti Rabi (Gwallaga): Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin zo a kan gaɓa, yanzu da sanyi ya shigo kayan lambu sun cika kasuwar Muda Lawal ta nan Bauchi, karas da kabeji da koren wake duk sun yi sauƙi. Zan faɗi yadda nake yi wa gida mai mutum shida zuwa bakwai.

Ki samu albasa manya uku, tafarnuwa ƙwaya biyar, ɗanyar citta ɗan gutsure, tumatir huɗu, jan tattasai biyu, dankalin Turawa shida, karas huɗu, koren wake cikin hannu biyu, kwatan kabeji, kwakwa ɗaya. Garin kori babban cokali biyu, kurkum ƙaramin cokali ɗaya.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne albasar. Tunda an cire attarugu, daɗin miyar gaba ɗaya daga albasa da kayan ƙamshi zai fito, don haka ba a yi mata gaggawa. Ki yanka ta ƙanana, ki zuba man gyaɗa rabin ludayi, ki rage wuta, ki bar ta tana soyuwa kina juyawa kamar minti 12 zuwa 15. Ba fari-fari za ki bar ta ba, ba kuma baƙi ba. Sai ta yi laushi ta koma ruwan zuma, ƙarnin ɗanyar albasa ya tafi, kin fara jin zaƙi-zaƙi a ƙamshinta. In kika ga tana neman kamawa, ki yayyafa ɗan ruwa da gishiri kaɗan. Daga nan ki zuba dakakkiyar tafarnuwa da citta, minti ɗaya ya isa.

Sai korin da kurkum. A cikin man za ki zuba su, ba a cikin ruwa ba. Yawancinmu sai miya ta tafasa muke barbaɗa kori a sama, shi ya sa ake jin gafin gari a harshe kuma ƙamshin bai tashi ba. Ƙamshin waɗannan kayan a mai yake narkewa. Amma kar ya kai minti ɗaya, don akwai hulba a cikin garin kori, in ta ƙone ɗaci za ta yi, kuma babu abin da zai gyara. Kina jin ƙamshi ya buge ki, ki juye markaɗaɗɗen tumatir da tattasan, ki bar su su soyu har mai ya fara fitowa a gefen tukunya.

Kayan lambun kuma ba lokaci ɗaya suke shiga ba. Dankali da karas tukuna, da ruwa daidai kansu, ki rufe. In sun kusa nuna, wato cokali na shiga amma da ɗan sauran ƙarfi, ki sa koren wake. Bayan minti biyar sai kabeji da madarar kwakwa, minti uku ki sauke. Kabeji in ya daɗe a wuta wari yake yi.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai Anti, Allah ya saka da alheri. Madarar kwakwar ta gwangwani ce?

Anti Rabi: In da hali ki saya, amma ni da kaina nake yi. Wurin masu kayan marmari za ki samu kwakwa, ki girgiza ta a kunne, in ba ki ji motsin ruwa ba ki ajiye musu abarsu. Ki fasa, ki ɓanɓare, ki yanka ki markaɗa da ruwan ɗumi kofi ɗaya, ki tace da kyalle mai tsabta. Wannan ta farkon mai kauri ita ce ta ƙarshen girki. Ki sake zuba ruwa kofi biyu a kan dusar ki tace, da wannan tsinkakkiyar za ki dafa dankalin a maimakon ruwa zalla. Mai kaurin in ta shiga kar ki bari miyar ta yi ta ɓararraka, tsinkewa take yi mai ya ware gefe.

Hajiya Asabe (Jahun): Na karanta duka. Rabi, girkinki ba a ja da shi, amma ni akwai abin da ya tsaya mini. 'Yata, uwar mijinki ce fa, kuma baƙuwa. Ki kai mata kwanon miya ta buɗe ta ga babu ko tsoka ɗaya? Ba za ta ce miki komai ba, amma za ta koma Azare da abin a ranta. Likita attarugu ya hana, bai hana nama ba. Sannan in marar yaji ake nema, me ya samu miyar taushe? Ga kabewa, ga gyaɗa, ga alayyafo, ga ƙashin rago. A cire attarugun kawai. Wannan ita ce ta saba da ita tun tana yarinya.

Maman Ilham: Gaskiya ne Hajiya, ban yi tunanin wannan ɓangaren ba sosai. Taushen ina yi mata, har da miyar kuka. Canji ne nake so, kuma Inna haƙoranta sun yi rauni, naman ma sau da yawa yara take miƙa wa.

Hajiya Asabe: To ai miƙa wa jikokin ma daɗinsa take ji. Ki bar ta ta samu abin miƙawa.

Zainab (Federal Low Cost): Ina tare da Hajiya a nan. Ni in zan yi, kaza nake tafasawa da albasa da tayim da ɗan kori, in soya ta daban in ɗora a gefen shinkafa, ruwan naman kuma shi nake dafa kayan lambun da shi. Ka ga an kashe tsuntsu biyu da dutse ɗaya ba tare da an taɓa tsarin Anti Rabi ba.

Anti Rabi: Ban ƙi ba, ruwan nama yana ƙara mata armashi. Abin da ba na so a ɗauka shi ne wai in babu nama miyar lami ce. Na sha yin ta a taro, mutane su ci su nemi ƙari ba wanda ya tambayi nama. Kuma a halin da ake ciki gidaje da yawa ba kullum ake samun na kaza ba. Ya kamata mace ta san tana da miyar da za ta fitar da ita kunya ko da ranar babu.

Malam Sani (Yelwa): Ku yi mini afuwa iyayenmu mata, na shigo maganar kicin. Akwai masu cewa kori in ba zafi ba kori ba ne, to tarihi bai goyi bayansu ba. Shi kansa barkono ba ɗan asalin Indiya ba ne, daga nahiyar Amurka ya fito, Turawan Fotugal ne suka kai shi can a ƙarni na 16. Haka tumatir da dankali, duk baƙi ne a tukunyarsu. Kafin nan da baƙin masoro da citta suke samun ɗan zafin. Har yau suna da miya iri-iri marasa zafi. A arewacinsu akwai korma, wadda ake yi da kindirmo da niƙaƙƙun 'ya'yan itatuwa masu mai, a Kerala can kudu kuma akwai farar miyar dankali da karas da madarar kwakwa, kusan irin wadda Anti Rabi ta bayyana. Miliyoyin mutane a ƙasar ba sa cin nama sam, shi ya sa suka ƙware a sarrafa ganye da wake.

Garin korin nan na leda kuwa, irin su Ducros da Gino da muke saya, ba haka matan Indiya suke girki ba. Kowace miya da nata haɗin suke yi. Turawan Ingila ne suka haɗa kayan wuri guda suka mai da shi hajar sayarwa, tun wajen 1780 da 'yan kai ake tallarsa a Landan, ta hannunsu kuma ya bazu zuwa ƙasashen da suka mulka. Na cikin shagunanmu yawanci ba shi da zafi, kurkum ne ya fi yawa a ciki, shi ya sa ya dace da abin da Maman Ilham ke nema. A dai duba in an rubuta Madras a jikin kwalbar, wannan yana da barkono.

Hajiya Asabe: Malam Sani ka tuna mini. Lokacin muna makaranta a shekarun 1970 malaman Indiya sun yi yawa a sakandaren Arewa, masu koyar da lissafi da kimiyya. Matar wani daga cikinsu maƙwabciyar yayata ce. Na ga tana soya wasu 'yan ƙwayoyi a busasshen kasko kafin ta daka, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Abincinta da daɗi, ban musa ba. Amma ita ba surukar Bahaushe take ciyarwa ba.

Anti Rabi: Abin da kika gani ɗin nan Hajiya shi ne asalin aikin. Mai son ta haɗa nata, ta je wurin 'yan koli a kasuwar Wunti ko Babbar Kasuwa. Kurkum ta sayi saiwar busasshiya ta daka da kanta, don na gari wani lokaci ana cakuɗa shi da fulawa da kala. Ta haɗa da busasshiyar citta, kanumfari ƙwaya kaɗan, kirfa, hulba 'yar mitsitsiya. Koriyanda da kumin a manyan kantuna ake samu, su ne ƙashin bayan ƙamshin. A ɗan gasa su a kasko ba mai, su huce, a daka a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. Kimba da daddawa kar su shiga nan, hanyarsu daban. Masoro kuma saboda Inna a tsallake shi, shi ma yana da nasa zafin.

Zainab: Anti, maganar kauri fa? Wadda ake yi a biki da garin kwanfulawa ake ɗaure ta. A dama cokali ɗaya da ruwan sanyi a zuba a ƙarshe, nan take ta yi kauri tana sheƙi.

Ummu Sudais: Ni wannan ce ba na so wallahi. Da ta huce sai ta daskare ta zama kamar kamu, kuma bai ƙara mata ɗanɗanon komai ba. Mu nan Gombe kabewa nake sawa. In fere yanki ɗaya in yanka ƙanana, in zuba tun tare da tumatir, kafin dankali ya nuna ta narke ta bi ruwan. Ga kauri, ga kala mai kyau, ga ɗan zaƙin da yara ke so. Kuma Hajiya Asabe, kin ga taushenki ya shigo ta bayan gida. Kayan miya kuwa alhamdulillahi, na noman ranin Dadin Kowa da kasuwar Kwadon ba sa yanke mana a wannan lokacin.

Zainab: Kabewa ba kowa ke son ta ba Ummu Sudais. Maigidana ko ƙamshinta ba ya so.

Anti Rabi: To ki tsamo dankali uku-huɗu da suka nuna, ki murƙushe su da bayan ludayi ki mayar. Ya wadatar. Dankalin Jos mai gari ne, irin na Bokkos da Mangu da ake saukewa a nan, da kansa yake ɗaure miya. Kwanfulawar masu biki suna sawa ne don miyar ta yi auki, tukunya ɗaya ta ishi mutum ɗari. A gida ba ki da wannan buƙatar.

Sista Hauwa (Gida Dubu): Sannunku. A matsayina na ma'aikaciyar jinya ina so in ɗan tsoma baki a kan Inna. Mutanenmu sun ɗauka yaji ne ke kawo gyambon ciki, alhali yawanci wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda tsofaffinmu ke sha kusan kullum saboda ciwon gwiwa. Yaji yana tayar wa wasu da ciwon ne kawai. Saboda haka Maman Ilham, canjin miya yana da kyau, amma ki tabbata ta sha maganin da aka rubuta mata har ƙarshe, kuma ki duba jakarta ko akwai irin waɗancan ƙwayoyin. In tumatir na sa mata ƙwannafi, ki rage shi zuwa biyu ki ƙara tattasai, man ma kar ya yi yawa.

Sai gishiri. Idan aka cire yaji, hannu yakan tafi wurin magi don a cike gurbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kar ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi kansa gishiri ne ya fi yawa a ciki. Ga mai shekaru, wadda wataƙila akwai hawan jini, wannan ya fi attarugun muhimmanci. Dunƙule biyu sun ishi tukunyar da Anti ta faɗa. In kin ɗanɗana kin ji kamar da saura, matsa lemon tsami kaɗan bayan an sauke, ban da kwanon Inna.

Maman Ilham: Sista kamar kin sani, tana da na ciwon gwiwa a ƙulle a bakin zaninta. Zan yi wa Abban Ilham magana ya nuna wa likitan.

Baban Khalil (Nasarawa): Ni tambayata a madadin maza ce. Shi maigidan fa? An gyara wa kowa an bar shi.

Anti Rabi: Ba a bar shi ba Baban Khalil. A jajjaga attarugu da albasa, a soya a ɗan mai da gishiri, a zuba a ƙaramin kwano a ajiye masa a gefe. Yana kwana biyu-uku bai lalace ba. Ko yajin ƙuli, ko na tafarnuwa. Yaji ana iya ƙara shi a faranti, amma in ya shiga tukunya ba mai iya fitar da shi.

Zainab: An ce in an jefa ɗanyen dankali yana tsotse zafin.

Sista Hauwa: Ba ya tsotsewa, sai dai ya ƙara yawan miyar zafin ya rarrabu. Sinadarin da ke kawo zafin a mai yake narkewa, ba a ruwa ba, shi ya sa yaro in ya ci yaji ruwa ba ya kashe masa, sai madara ko kindirmo. Kuma ya fi taruwa a farin jijiyar nan ta cikin attarugu inda 'ya'yan suke manne. Tattasai ma a riƙa cire masa ita, don wani ana dacewa da mai zafi.

Maryam (Azare): Gaisuwa ga Inna, 'yar garinmu. Mu nan kwakwa ba koyaushe ake samun mai kyau ba. Akwai abin da zai maye gurbinta?

Anti Rabi: Kindirmo mai kyau wanda bai yi tsami ba, ludayi biyu. Ki buga shi ya yi sumul, ki ɗebo ɗan ruwan miyar ki dama a ciki ya ɗumama, ki kashe wuta sannan ki juye. In kika zuba shi da sanyinsa a tafasasshiyar miya gudaji zai yi. Ko kuma markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali biyu, ita tun da wuri take shiga don ta dahu gafinta ya fita. Kowanne da irin ɗanɗanonsa, na gyaɗar ya fi kusa da bakinmu.

Maman Ilham: Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Jiya da rana na yi, da kwakwa da ɗan yankin kabewa, na soya kaza a gefe kamar yadda Hajiya da Anti Zainab suka ce. Inna ta ci da farar shinkafa, ta ce dankalin ya yi mata laushi yadda take so. Yara sun cinye karas ɗin da a da suke tsincewa. Abban Ilham da kwanon jajjagensa. Abu biyu nake tambaya: miyar ta yi saura, na sa a firji amma wuta ba ta tsaya ba, sannan robar da na zuba ta ta rine.

Sista Hauwa: Mai kwakwa ba ta jure zama. In babu tabbacin wuta, ki tafasa ta sosai da daddare, ki sake tafasawa da safe a cinye a ranar. In kin ji ta canja wari ko tana kumfa, zubarwa za a yi, kar a ba yara. Shinkafar ma kar a bar ta a tukunya a rufe tun rana har dare.

Ummu Sudais: Robar kuma kurkum ne. Ki wanke da sabulu ki shanya ta a rana, kalar za ta dushe da kanta. Gaba ki riƙa zubawa a kwanon silba ko na tangaran.

Baban Khalil: Wai ba wanda ya gwada ta da masa? Muna Bauchi fa.

Anti Rabi: Tana tafiya da masa sosai, da sinasir ma, don ɗan tsamin masar yana haɗuwa da zaƙin kwakwar. Sai dai a yanka kayan ƙanana ƙwarai kuma a bar ta da ɗan ruwa-ruwa yadda masar za ta sha. Da gurasa ko burodi kuma mai kauri ta fi.

Hajiya Asabe: Masa dai da taushe aka san ta, a nan ba zan sauka ba. Amma na ji daɗi da aka sa wa baiwar Allah kazarta. Rabi, jikokina na nan zuwa hutu, kuma akwai mai yin awara a layinmu. In ranar ba kaza, awarar za ta shiga ciki ko narkewa za ta yi?

Anti Rabi: Za ta shiga Hajiya. Ku sa a karɓo muku ɗanya wadda ba a sa wa attarugu ba, don masu yi da yawa suna zuba jajjage tun wurin haɗawa. A yanka ta 'yan murabba'i, a barbaɗa gishiri kaɗan, a soya har bayanta ya yi ja ya yi ƙarfi, a tsane. Tare da kabeji za ta shiga, minti ukun nan na ƙarshe sun ishe ta ta sha romo ba ta farfashe ba. Dafaffen ƙwai ma haka, sai dai shi a ɗan tsaga shi da wuƙa kafin a jefa.